Garejin gyaran injin girbi a Sakkwato: hannunsu a makogwaro da ganga, da inda sai an sa musu ido

Injinan girbi sun ƙaru a fadamun Sakkwato, daga Kwalkwalawa zuwa Wurno har filayen ban-ruwa da ke ƙasan madatsar Goronyo, amma masu gyaransu ba su ƙaru da irin wannan saurin ba. Bakaniken tarakta zai karɓi aikin, ya gyara inji da akwatin giya ba matsala, sai an zo ɓangaren da ke haɗiye shinkafa, wato makogwaro, da wanda ke bugunta, wato ganga, a ga ya koma lalube. Wannan sharhi a kan wani gareji ne a bayan garin Sakkwato da ya riƙi waɗannan ɓangarori biyu sana'a. Yawancin injinan da ake kai musu ƙananan nan ne masu tafiya a kan sarƙar roba, irin Kubota DC-70 da takwarorinsa na China kamar Lovol da World, masu faɗin yanka kusan mita 2 da doguwar ganga mai haƙora. Jefi-jefi kuma ana kawo manya masu taya, waɗanda aka fi sawa a alkama. Hukuncina tun daga farko shi ne, wajen gano ciwo da saitin makogwaro da ganga hannunsu yana da kyau ƙwarai. Wajen kayan gyara da walda da mayar da murafun kariya kuwa, sai mai inji ya tsaya a kansu.

Abin da ya raba su da sauran kanikawa shi ne ba sa farawa daga ganga. Mai inji in ya zo kukansa ɗaya ne: ganga tana shaƙewa, ko tana barin ƙwaya a jikin zangarniya. Maigidan garejin ba ya ɗaukar sifana sai ya yi tambaya: "Alhaji, da safe yake shaƙewa ko da rana? A shinkafar da ta kwanta ko a tsayayya? Ƙarar gangar a miƙe take, ko tana hawa tana sauka?" Tambayar ƙarshen nan ita ce mabuɗi. Gangar da kara ke shigar mata daidai ƙararta ɗaya ce. In ka ji tana gurnani tana saki, tana gurnani tana saki, to kara na zuwa mata dunƙule-dunƙule, kuma laifin yana gaba, ko a wurin yanka ko a makogwaro. Kamar mai cin tuwo ne da ake cusa wa loma uku a haɗe sannan a bar shi baki wofi: haƙoransa lafiya lau, amma dole ya shaƙe. Bakaniken da bai gane haka ba zai matse raga, wato ragar ƙarfen da ke ƙarƙashin ganga, ya ƙara gudun ganga, shinkafa ta fara karyewa, shaƙewar kuma tana nan daram.

Don haka daga wuƙaƙe suke tasowa. Wuƙa mai dakushi ba yanka kara take yi ba, tumɓuke shi take yi da saiwa da laka, kuma wannan lakar ce za ta je ta liƙe ragar ganga. Sukan juya injin da hannu, su duba ko kowace wuƙa tana tsayawa daidai tsakiyar yatsan ƙarfen da take shiga a ƙarshen tafiyarta, su matse madannan da ke riƙe wuƙa har tazarar ta koma ƙasa da rabin milimita. Keken gaba, wanda ke kwanto da kara bakin wuƙa, suna saita shi ya ɗan fi tafiyar inji sauri, da kamar kashi 10 zuwa 25 cikin 100. In ya fi haka yana kakkaɓe ƙwaya tun ba ta shiga ba, in ya gaza kara ya taru a kan wuƙa ya faɗa ciki gaba ɗaya. Sai sukurun tarawa, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke jan kara zuwa bakin makogwaro. Tazararsa da farantin da ke ƙarƙashinsa yawanci wajen santimita 1 ce, kuma suna aunawa hagu da dama, ba gefe ɗaya ba. Yatsun da ke tsakiyarsa ya kamata su fito sosai ta gaba, su shige ta baya. Yatsa biyu ko uku in sun karye, ko bushin ɗinsu ya cinye, sai kara ya riƙa zagayowa yana nannaɗe sukurun maimakon ya wuce. Gyara ne na kuɗi kaɗan, amma shi ne asalin shaƙewar injina da yawa, kuma na yaba da yadda ba sa tsallake shi.

A makogwaro ne ƙwarewarsu ta fi fitowa. Sarƙoƙi ne a jere, an haɗa su da sandunan ƙarfe masu jan kara sama zuwa ganga. Da yawa suna ɗaure sarƙa da ido kawai, su kuwa auna ta suke yi. Sukan shimfiɗa tsohuwa kusa da sabuwa su auna gaɓa 20. Ƙa'idar sarƙa ita ce in ta ƙara tsawo da kashi 3 cikin 100 ta gama aiki: a ce sabuwa ta ba da santimita 60, tsohuwa ta haura 61.8, to ba ɗauri take so ba, canji take so. Cire gaɓa ɗaya don ta matse dabara ce ta kwana kaɗan, domin tazarar gaɓoɓin ta riga ta fi tazarar haƙoran faifan da take hawa, za ta ci gaba da ɗarewa tana tsallake haƙori. Da ta tsallake a gefe ɗaya sandunan sun karkace, kara ya koma tafiya ɓari guda. Wannan ne ya sa suke dagewa a canza sarƙoƙin tare, har da fayafayan in haƙoransu sun yi tsini ko sun lanƙwasa gefe ɗaya. Mai inji zai ji nauyin kuɗin, amma gaskiyarsu ce: sabuwar sarƙa a kan tsohon faifai ba ta daɗewa.

Wajen ɗauri ma suna bin hagu da dama da ma'auni, tsawon sifirin ɗin kowane gefe ya zo ɗaya. Sarƙar da ta yi sako-sako sandunanta na dukan faranti, ana jin ƙarar tun daga nesa. Wadda aka matse da yawa kuma tana ɗaga sandunan daga kan kara, ba sa kamawa da kyau, ga boris da shaf suna wahala. Suna buɗe murfin sama su yanke karan da ya nannaɗe shaf na sama, su shafa farantin ƙasa da tafin hannu. Rairayi da lakar fadama suna cin farantin nan a hankali, yakan yi kwari a tsakiya kafin ya huje, kuma ta wannan hujin ƙwaya ke zuba a gona ba wanda ya gani. Abu ɗaya da suke yi wanda ba kowa ya damu da shi ba shi ne gwada kulocin kariya na makogwaro, a injinan da ke da shi. Aikinsa ya zame in dutse ko itace ya shiga. Inji in ya kwana watanni a waje faifan kulocin yakan yi tsatsa ya manne, ranar da abu ya shiga sai sarƙa ta tsinke ko shaf ya murɗe. Sukan sassauta shi, su bari ya zame sau ɗaya, su mayar da shi yadda littafin kamfani ya ce. Direban da ya matse shi tam don yana damunsa da zamewa, to sarƙa ya sa a bakin hatsari.

Sai an gama da gaba sannan suke ɗaga murfin ganga. Haƙoran da ke ɓangaren shiga su ne suka fi cinyewa, domin a nan kara ya fi yawa kuma ƙwaya ba ta rabu ba tukuna. Haƙorin da ya cinye yana gajarta, tazararsa da raga tana ƙaruwa, zangarniya ta wuce ba a buge ta ba. Suna auna tazarar a gaba da tsakiya da baya. A ƙananan injinan nan takan faɗa tsakanin santimita 1 zuwa 2, amma kowane inji da adadin da kamfaninsa ya rubuta, kuma shi suke bi in mai inji ya zo da littafin. In sandunan haƙoran na juyawa ne, sukan juya su, na baya su dawo gaba, a ci moriyarsu kafin a sayi sabbi. Raga kuma suna duba ta a haske: wayar da ta karye tana sakin guntun kara zuwa rariya, ramukan da laka da ɗanyen kara suka toshe suna hana ƙwaya faɗawa, sai ta bi kara ta fita ta baya. A jikin murfin akwai ƙarafa a karkace masu tura kara baya. In an kwantar da su kara yana daɗewa a ciki, ya bugu sosai, amma inji yana ɗaukar nauyi. In an buɗe su yana saurin fita, wanda ya fi dacewa da dogon kara mai danshi na girbin damina. Direbobi da yawa ba su taɓa taɓa wannan saitin ba, kuma a garejin nan ana nuna musu.

Gwajin daidaiton nauyi abin kallo ne. Yaro zai cire bel, ya juya gangar da hannu, a jira ta tsaya da kanta, a sa alli a wurin da ya koma ƙasa. A sake juyawa, a sake, in allin nan ne ke komawa ƙasa kowane karo to wannan gefen ya fi nauyi. Kada a raina ɗan bambanci. Ganga mai faɗin milimita 620 da ke juyi 560 a minti ɗaya, giram 100 kacal na ƙarin nauyi a bakinta yana fizgar boris da ƙarfin da ya kai kusan kilo 11, kuma fizgar tana zagayawa fiye da sau 9 a kowace daƙiƙa. Busasshiyar laka a cikin ganga ta isa ta jawo haka, haƙori ɗaya da ya fita ma ya isa. Shi ya sa in za a canza sandar haƙora ake canza ta tare da wadda ke fuskantarta.

To a nan ne kuma na fara samun saɓani da su. In babu sabbin haƙora a kasuwa, ko mai inji ya ce ba shi da hali, sukan yarda su ɗora walda a kan tsofaffin don su ƙara tsawo. A tsakiyar girbi, shinkafa na zuba a gona, ana iya yi musu uzuri. Amma haƙorin walda ba ya zuwa tsawo ɗaya da ɗan'uwansa, bakinsa yana da kaushi mai fere ƙwaya, zafin walda kuma yana raunana ƙarfen har ya karye ya shiga raga. Ba kowane lokaci suke niƙa bakin su sulɓe shi ba, ba kuma kullum suke maimaita gwajin alli bayan walda ba. Mai inji ya tsaya a yi duka biyun a gabansa, kuma ya ɗauki wannan gyara a matsayin na wucin gadi, ya nemi sabbi kafin kaka mai zuwa.

Suna da na'urar auna juyi, kuma suna amfani da ita. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa wurinsu. Gudun bakin haƙori shi ke bugun shinkafa, kuma a gangar da na ambata yana kaiwa kusan mita 18 a daƙiƙa. In ya sauka ƙwaya ta tsaya a zangarniya, in ya hau da yawa ta fere ko ta tsage a cikin ɓawo, ba za a gani ba sai a injin casa, inda za ta fito gutsi-gutsi farashinta ya faɗi. Sau da yawa gangar ba ta da laifi, injin ne ba ya kai gudunsa saboda matacin iska ya cika da ƙura, ko matacin mai ya toshe, ko direba yana rage totur don tattalin gas. Sukan auna inji, su auna ganga ba kaya, su sake aunawa da kaya. In bambancin ya yi yawa sai su koma kan bel. Bel ɗin da gefensa ya yi sheƙi zamewa yake yi. Wanda ya nutse har gindinsa na taɓa ƙasan kwarin fuli, fulin ne ya cinye, sabon bel ba zai yi magani ba. Wajen ɗauri suna danna tsakiyar bel, ya lotsa kamar milimita 16 a kowace mita ɗaya ta tazarar fuli biyu. A manyan injina masu gajeriyar ganga, in za a koma alkama sukan ƙara juyi zuwa wajen 900 ko 1,000, su bar tazarar raga ta gaba kusan ninki biyu na ta baya. Aikinsu a nan daidai ne, sai dai ba su da gogewa a manyan kamar yadda suke da ita a ƙananan.

Babban rauninsu kayan gyara ne. Boris da bel ɗin da suke sayowa in an bar musu zaɓi yawanci masu araha ne, ba don cuta ba, don sun saba da masu inji da ke kukan tsada. Amma boris ɗin ganga da na shaf ɗin makogwaro ba wurin tsimi ba ne, balle a girbin rani, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 kuma busasshen kara ya lulluɓe komai. Boris da ya ɗau zafi a cikin ƙaiƙayi gobara ce. Shawarata mai inji ya karanta lambar da ke jikin tsohon boris da tsohon bel, ya sayo masu kyau da kansa. In bel biyu ko uku ne ke tafiya a fuli ɗaya a saye su saiti guda, domin sabo ɗaya a tsakanin tsofaffi shi kaɗai zai ɗauki nauyi ya tsinke. Yaran garejin kuma suna da hannu da giris, suna ɗurawa har ya ɓullo ta gefe. Wannan yana fasa robar da ke tsare boris, ƙura ta samu ƙofa. Matsi biyu ko uku sun isa, bayan an goge bakin kan giris ɗin. Gwajin da suke yi bayan haɗawa yana da kyau: a bar inji ya yi minti 10 zuwa 15 yana juyi, a kashe, a bi boris ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu. Wanda hannu ba ya iya zama a kansa ya kai wajen digiri 60, a sake buɗe shi.

Maganar murafun kariya ba ta wasa ba ce, kuma a nan ban gamsu da su ba sam. Sukan bar murfin bel da na sarƙa a gefe, wai ai gobe ma za a buɗe. Injin nan a gona mutane ne zagaye da shi, masu ɗaure buhu, masu tsintar zangarniya, har da yara, ga riguna masu faɗi. Kada mai inji ya karɓi injinsa sai kowane murfi ya koma da notinsa. Abin da zan yaba musu a wannan fanni shi ne suna yi wa direbobi faɗa a kan cire cushe da hannu inji na aiki. A kashe inji, a zare makulli, a jira ganga ta tsaya cak, a sa sandar da ke tokare ɓangaren yanka kafin kowa ya shiga ƙarƙashi. Injin da ke da libar juya makogwaro baya a yi amfani da ita tukuna.

In an biya kuɗin tafiya suna bin inji gona su yi saiti a kan shinkafar da za a girbe, kuma wannan ya cancanci kuɗinsa. Ana shimfiɗa tamfol, inji ya wuce da gudun aiki, maigidan ya ɗebi karan da ya fito ta baya ya murza zangarniya a tafin hannu, ya hura, ya ga abin da ya rage. Ƙwayar da ke manne da zangarniya laifin ganga ce. Sakakkiyar ƙwaya a cikin kara tana nuna raga ta toshe ko kara na fita da wuri. Wadda ta fito cikin ƙaiƙayi kuma maganar fanka da rariya ce. Lissafin asara ba wuya: ƙwaya 1,000 ta shinkafa shanshera tana kai wajen giram 25, don haka ƙwaya 40 a kowace murabba'in mita daidai take da kilo 10 a hekta, 400 kuma kilo 100 ke nan. A tuna cewa abin da ya fito ta baya an tattaro shi ne daga faɗin mita 2, sai a raba da faɗin yanka, ba da faɗin tamfol ba. Suna canza abu ɗaya, inji ya yi tafiyar mita 30 zuwa 50, a sake dubawa, sannan a taɓa na biyu. Abin da ba su da shi shi ne ma'aunin danshi, da haƙori suke gwadawa. Shinkafa ta fi buguwa lafiya in danshinta yana tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100, lokacin da kashi 80 zuwa 85 na ƙwayoyin suka yi launin kara. Ta rani takan wuce haka ta bushe ƙayau tana jiran layin inji, sai a rage gudun ganga ko a ɗan buɗe raga. Ta damina kuwa a bari raɓa ta ɗauke kafin a shiga, kuma a ɗaga wuƙa kada a haɗiyi kara fiye da kima. Ƙungiyar manoma ko mai injina da yawa ya kamata su mallaki ma'aunin nan da kansu.

Kuɗin aikinsu ba shi ne mafi araha a gari ba, amma suna raba kuɗin hannu da na kaya, kuma suna mayar wa mai inji tsofaffin kayan da aka cire in ya nema. Lokacin girbi samunsu wuya ne, maigidan mutum ɗaya ne, kuma yaran da yake turawa ba duka suka kai shi ido ba. A kai inji watan Satumba don girbin damina, Fabrairu ko farkon Maris don na rani, a wanke laka daga ganga da makogwaro kafin a kai, a tafi da littafin kamfani. Ba sa rubuta abin da suka auna sai an ce su rubuta, don haka a je da ɗan littafi a sa su shigar da tsawon sarƙa, da tazarar haƙori da raga a wurare uku, da juyin ganga, da lambobin boris da bel, da awannin da agogon inji ya nuna ranar.